Guɗar kaka a Kance

Da asubahin wata Talata ta watan Oktoban shekara ta 2025, lokacin da dammunan hatsi suka fara shigowa gari bisa amalanke, guɗa ta tashi daga wani gida mai zaure ɗaya cikin garin Kance. Sau huɗu aka rangaɗa ta. Matan maƙwabta da ke bakin murhu ba su jira manzo ba, domin kowa ya san lissafin: uku ta namiji, huɗu ta mace. Kuma sun shaida muryar, ko da yake shekaru sun sa ta fara rawa. Tsohuwar gidan ce, wadda unguwa ke kira Iya, ta dawo daga gidan likita inda autarta ta sauka lafiya cikin dare. Ba ta tsaya cire mayafi ba. Tun daga zaure ta fara, har ta kai tsakar gida, awaki suna watsewa a gabanta.

Baƙon da bai san al'ada ba, in ya shiga gidan nan ran nan, sai ya yi zaton Iya kaɗai aka yi wa haihuwar. Mai jegon, da aka maido ta gida, ta juya fuska ga bango ta ja zane ta rufe kai. In mata sun ce mata barka da arziki, da ƙyar take amsawa, kamar wadda aka kama da laifi. Mijinta malamin lakwal ne a Matameye. Da aka gaya masa ta salula, "to, madalla" kaɗai ya ce, kuma bai tako Kance ba sai bayan magariba. A zaure ya tsaya, ya durƙusa ya gai da surukinsa, ya koma. Murna kam suna yi, amma haihuwar fari ce, kuma tsakanin ɗan fari da mahaifansa akwai kunya: uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Don haka ne ake kai yarinya gidan iyayenta goyon ciki in watanninta sun kusa, a miƙa ta ga wadda ta san hanya. Al'adar da ta rufe bakin uwa da uba ita ce ta buɗe na kaka. Murnar gida gaba ɗaya, tata da ta waɗanda kunya ta hana, ta bakin tsohuwa take fita.

Ita kuwa murnar kaka da tsiya take fita. Iya ta karɓi jaririyar, ta kai ta bakin ƙofa wajen haske, ta dube ta sama da ƙasa kamar mai cinikin tunkiya, sa'an nan ta ɗaga murya: "Wannan ce kishiyar tawa? Ku dubi hanci kamar an danne ƙosai! Malam, taso ka ga amaryar da aka kawo maka, ko gashi babu." Malam yana zaure bisa buzunsa, bai ko ɗago kai ba ya ce: "Bar ta. Nan da shekara biyu ta fi ki haƙora." Mata suka kwashe da dariya, har mai jegon ta motsa ƙarƙashin zane. Wasan kaka da jika ke nan: ga tsohuwa, jika namiji miji ne, jika mace kishiya, ga tsoho kuwa, macen amarya ce, namijin abokin takara. Amma ƙarƙashin wasan akwai tsoro. Tsofaffi ba su son a yabi jariri a fili, gudun baki. Iya ta taɓa yabon ɗa, ta kuma ga abin da ya biyo baya. Tun daga ran nan take kushe abin da ta fi so.

An haifi Iya a 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, zamanin da gyaɗa ke da daraja a ƙasar Kance da Matameye da Magarya. An yi mata aure a 1974, shekarar da soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, ƙasa na fama da fari. Haihuwarta tara, biyar ke raye. Na fari bai kai suna ba: an yanke cibiya da abin da aka samu, kwana biyar jikinsa ya sandare. Biyu sun tafi mako guda da ƙyanda, cikin yunwar 1984, wadda mutanen karkara suka yi wa laƙabi da sunan Janar Buhari, domin a shekarar ne ya rufe iyakar Najeriya, hatsin da kan shigo ta Ɗan Barto ya yanke. Ta huɗu zazzaɓin damina ya ɗauke ta tana tatata. Har aka fara raɗa cewa Iya wabi take yi. Shi ya sa ɗan da ya zo bayan yunwar aka yi masa laƙabin Ajuji, irin sunan da ake ba yaro don mutuwa ta ɗauka ba a damu da shi ba. Ajujin nan yau Alhaji ne, yana fataucin dabbobi tsakanin Matameye da kasuwar Mai'aduwa, amma in ya shigo gida sunansa na juji uwarsa ke kira, shi kuma ya amsa.

Abin da ya sami Iya bai fita daga abin da ya sami matan zamaninta ba. Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cewa cikin yara 1000 da aka haifa da rai, 318 ba su kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. Binciken 2012 ya sami adadin ya sauko zuwa 127, bayan yaɗuwar allurar rigakafi da gidan sauro da ƙananan gidajen likita na karkara, da kuma dokar 2006 wadda ta ɗauke wa iyaye kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Ma'aikaci a bisa takarda yake karanta waɗannan alƙaluma. Iya a maƙabartar gari ta san su, kuma tana iya nuna wurin kowanne, ko da yake ƙasa ta daɗe da shafe alamar.

Waɗanda suka zauna bisa bencin lakwal za su tuna Victor Hugo na Faransa. A 1877 ya fitar da littafin waƙoƙi sukutum kan zama kaka, saboda jikokinsa biyu, Georges da Jeanne. Abin da ba a cika faɗi a aji ba shi ne, kafin nan ya rasa ɗiyarsa Léopoldine a 1843, ya binne Charles, uban yaran, a 1871, ya binne ɗaya ɗan nasa a 1873. Iya ba ta taɓa jin sunan mutumin ba, amma da an ba ta labarinsa da ta gane shi nan take. Hausawa sun ce haihuwa maganin mutuwa, kuma wanda ya sha ciwon shi ya san darajar maganin.

Jikokin Iya sun haura ashirin, kuma kowanne ta yi masa guɗa. Abin da ya sa ta wannan karon ta fi tsawo, sai an koma shekara ta 2013. A lokacin nan ƙasar Kance ta cika da mutane, gonaki sun tsuke saboda rabon gado, hatsin gida ba ya kai wata huɗu. Mata suka gano hanyar Aljeriya: a bi ta Agadas da Arlit, a tsallaka zuwa Tamanraset, a zauna bakin titi da yara ana bara, a aiko da kuɗi gida. Wadda ta dawo da katifa da kwanukan samira, ita ce ke sa goma su ɗaura niyya. Kuma da yake yaro shi ke jawo sadaka, wadda ba ta da ƙanana takan ari na ƴan'uwa ko na maƙwabta, a raba abin da aka samu. Cikin daminar shekarar, rumbun Malam ya ƙare tun kafin a yi noman farko. Wata maƙwabciya, aminiyar Iya ce tun suna amare, ta shigo da dare ta ce a ba ta aron auta, wadda ke da shekara tara, wata shida kawai. Iya ba ta ce a'a nan take ba, kuma wannan shi ne abin da har yau ba ta yafe wa kanta ba. Kwana uku tana juya maganar. A na huɗu ta kwance akuyarta guda ɗaya da ta rage, ta ba Ajuji ya kai kasuwa, aka sayo tiyoyin hatsin da suka kai gidan ga sabon amfani. Aminiyar ta tafi da nata biyu.

Ƙarshen watan Oktoban 2013 labari ya zo ta rediyo: motoci biyu sun lalace cikin hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, an tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe, 52 yara, 33 mata, 7 maza. Da yawansu mutanen wannan yanki ne. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Ɗakin aminiyar Iya bai sake buɗewa ba. Yarinyar da aka so ara ita ce ta gama firamare, ta yi kwaleji, ta yi aure, ita ce kuma kwance yau da fuska ga bango. Watan Oktoba ne wancan, watan Oktoba ne wannan, shekara 12 tsakani. Babu wanda ya ambaci haka a gidan, amma tsofaffin matan unguwa da suka zo barka sun riƙe hannun Iya fiye da yadda aka saba.

Guɗa ta minti ɗaya ce. Abin da ke bayanta aikin kwana arba'in ne. Tun watan bakwai na cikin Iya ta fara tara itace bayan ɗaki, guntu-guntu, domin itace ya yi tsada a ƙasar da kowane taƙi gona ce. Ta sa aka fito da babbar tukunyar da ta yi wa ƴaƴanta mata biyu wankan jego da ita, ta tanadi kanwa da yaji da ganyen bedi. Mai jego, in ji tsofaffi, kabarinta buɗe yake har arba'in, kuma abin da suke tsoro shi ne sanyi ya shige ta. Maganinsa a wurinsu zafi ne: ruwa mai tafasa safe da yamma ana fyaɗa shi da ganye, ɗaki mai wuta, kunun kanwa kwano bayan kwano.

A nan ne aka sami saɓani. Ungozomar gidan likita, yarinya ce sa'ar ɗiyar Iya ta biyu, ta rubuta a karnen awo cewa jinin mai jegon ya hau kaɗan a watan ƙarshe. Ta kira tsohuwar gefe ta ce: "Iya, don Allah a rage kanwa, ruwan kuma a sirka shi. Kada a ba jaririya ruwa ko rubutu, nono kaɗai har wata shida, kuma na farkon nan mai kauri kada a matse shi a zubar, shi ne rigakafinta na fari." Iya ta dube ta ta ce: "Ɗiyata, lokacin da na fara wankan jego uwarki ba ta yi wayo ba." Amma maganar ungozomar tana da tushe. Tun cikin shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka lura da yawan matan Hausawa da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, suka kuma danganta abin da yawan gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Iya ba ta san binciken ba, amma ta san matan. Ta tuna ƙanwarta da ta kumbura cikin jego aka ce iska ce. Daren nan ba ta yi barci sosai ba.

Da safe ba ta ce wa kowa ta sauya ra'ayi ba, domin tsohuwa ba ta faɗin haka. Ruwan dai ta tsoma gwiwar hannu ta sirka shi. Kunun ta dama shi da tsamiya, kanwar ta koma cikin ƙwarya bisa rataye. Da wata tsohuwa ta kawo shawarar a ɗan ɗiga wa jaririya ruwa saboda zafin rana, Iya ce ta tare: "Kishiyata ba ta shan ruwan gidan nan sai ta biya kuɗin rijiya." Aka yi dariya, maganar ta mutu. Abin da ungozoma za ta shekara tana faɗi ba a ji ba, kaka ta gama shi da wasa ɗaya. Wankan kansa kuwa ba ta bari ba, kuma ba wanda ya nemi ta bari: kwana arba'in yarinyar ba ta daka ba, ba ta ɗebo ruwa ba, ba ta hura wuta ba, tana cin gasasshen nama da romon ƙauri, uwarta na kwana kusa da ita tana sauraron numfashin mutum biyu. Ba kowace mai albashi ke samun hutun haihuwa irin wannan ba.

Ranar suna, kwana bakwai cif, aka shimfiɗa tabarmi ƙofar gida tun da sassafe. Alhaji Ajuji ya kawo rago na biyu bisa na uban jaririya, da ƙwaryar goro da dabino. Ƙanensa, ma'aikaci ne a Yamai, aiki bai bar shi ya zo ba. Ya aiko da jika talatin, ya kira ta salula yana ba da haƙuri. Iya ta ce masa: "Na ga jikunanka, Allah ya yi albarka. Amma jikar da nake riƙe da ita ba ta shiga aljihu, sai ka zo ka gan ta da idonka." Ya yi dariya, ya ce sai hutu. Ta ce Allah ya kai mu, ta miƙa salular ba ta ƙara ba. Kuɗin sun yi amfani, da su aka sayi shinkafa da mai da turmin atamfa. Amma itacen nan na bayan ɗaki ba a aiko shi daga Yamai, kuma ƴaƴan da aka haifa a birni, nesa da tsohuwa, sau da yawa babu mai yi masu guɗa.

Liman ya yi addu'a, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan. Cikin gida aka yi tsit na ɗan lokaci, sa'an nan mata suka juya suna duban Iya. Sunanta ne. Surukin nata, wanda bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya bar sunan tasa uwar ya sa na uwar matarsa, bai kuma shawarci kowa ba sai Malam. Yanzu kunya ta zama biyu ga mai jegon, ga ta ƴar fari ga ta sunan mahaifiya, don haka nan take aka yi wa yarinya laƙabi da Ummi. Iya, wadda bakinta bai huta ba tun ranar Talata, ta rasa abin faɗi. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito idanunta sun yi ja, ta ce hayaƙin murhu ne, ta kuma ƙara da cewa: "Miji bai ishe ta ba, har sunana ta ƙwace."

Da wanzami ya zo ya yi aski, ya fiddo ƙarfen cire beli, Iya ta dafa hannunsa ta ce askin ya isa, ta kuma biya shi ladarsa cikakkiya don kada ransa ya ɓaci. Kashegari ta tasa surukin gaba da aike har sau biyu, sai da ya je ma'aikatar magajin gari aka rubuta haihuwar. Ita kanta ba ta da takardar haihuwa, shekarunta da mulkin kai ake lissafa su, kuma ta ga yadda aka sha wahalar neman ta auta a kotu lokacin jarrabawa. Takardar Ummi da karnen allurarta suna cikin kwallar da Iya ke ajiyar abin da ba ta son a taɓa.

Ran arba'in aka yi wanka na ƙarshe. Mai jego ta yi kitso da lalle, ta yi ƙiba, ta zaga dangi, aka ɗora kayanta bisa mota zuwa Matameye. Iya ta goya Ummi da kanta har bakin hanya, tana yi mata faɗa: ta riƙe mijin tunda ta ƙwace, amma ta sani tuwon Malam ba ya son gishiri da yawa. Da za ta miƙa ta, ta ce wa ɗiyarta, a karo na farko ba da wasa ba: "Yaye nawa ne. Kada ki kai ta ko'ina." Al'ada ce a kai yaro wurin kaka in za a cire shi daga nono, kuma nan da shekara biyu ne. Ɗiyar ta sunkuyar da kai ta ce: "To, Iya, in Allah ya kai mu." Tsohuwar ta ce: "In da rai."

Ta dawo gida ta kwashe tokar murhun wanka, ta wanke babbar tukunya ta kife ta bayan ɗaki. Ba ta da sauran ɗiyar da za ta zo goyon ciki, kuma ta san haka. Amma a turken da ya zauna wofi tun daminar 2013, akwai ƴar akuya ja da ta saya da kuɗin barkar da mata suka ba ta. Ta Ummi ce, ita da duk abin da za ta haifa. Kowace safiya Iya na kai mata harawa da ƙaiƙayi, tana yi mata tsiya kamar yadda take yi wa mai ita, kuma ta riga ta gaya wa Alhaji Ajuji cewa wannan, ko rumbu ya ƙare, ba ta zuwa kasuwa.